Abin da Yake Bari a Gindin Faranti

Shekara ashirin da tara maigidana ya yi yana renon zuciyar ɓera. In na faɗa wa mutane haka sai su bushe da dariya, su ɗauka shaƙiyanci ne irin nawa, tunda an san bakina ba ya ajiye magana. To ba shaƙiyanci ba ne. A ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar bincike ya yi aiki, hawa na biyu, can ƙarshen baranda, ɗaki mai sanyi da ko taga babu. Ana ciro ƙwayoyin tsokar zuciya daga jariran ɓeraye, shi kuma ya zuba su a ƙananan farantan roba, ya sa musu wani ruwa ja-ja wanda shi ne abincinsu, ya jera su a akwatin ɗumi, ya yi ta lallaɓa su har su girma. Ba shi da digiri. Da takardar sakandare ya shiga wurin yana wanke kwalabe, sai tsohon Farfesa mai ɗakin ya lura hannunsa ba ya rawa, ya jawo shi gaban madubin nan mai ƙara girman abu.

Mai Reno suke kiransa a wurin aiki, sunan kuma ya biyo shi har gida. Dogon mutum ne marar hayaniya, wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Ni kuwa Allah bai yi ni haka ba. Surukata, Allah ya ji ƙanta, takan ce an haɗa garwashi da ruwan randa a ɗaki ɗaya. Aikin ya shiga jikinsa har ya zama hali. Ba ya buɗe tukunya ya bar murfin a kife a ƙasa, ba ya yarda a yi tari kusa da abinci, kuma in zai zuba wa yaro magani a cokali sai ya ɗaga shi daidai idonsa kamar mai auna zinariya.

Waɗannan ƙwayoyin ba su san Asabar ba, ba su san Lahadi ba. Kowace safiya sai an duba su an canza musu ruwa. Ranar da na haifi babbar 'yarmu ya zo asibiti, ya ɗauke ta, ya yi mata addu'a, ya ce min sannu sau uku, sai na ga idonsa yana satar kallon agogon bango. Na ce masa tashi ka je, kar 'ya'yanka na gaskiya su mutu da yunwa. Baƙar magana na yaɓa masa, shi kuwa ya ɗauka izini ne, ya yi min godiya ya tafi. Yarinyar nan yanzu tana da 'ya'ya uku, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sau ɗaya ya taɓa shiga da ni ɗakin, wata Lahadi da ba kowa. Ya sa min farar riga da safar hannu, ya ce kar in yi magana a kan farantan, wai numfashina zai iya kashe su. Na ce ai daman ka daɗe kana neman hanyar rufe min baki. Da na sa ido a madubin, bakin ya rufu da kansa. Wani ɗan fili ne fari-fari, kuma yana bugawa. Ba jini, ba ƙirji, ba ɓera, amma ga shi nan yana bugawa, dukansa tare, ba mai riga wani. Na ɗago na dube shi, na ga yana wani murmushi da ban samu irinsa ba ko ranar aurenmu.

Ranar ce ya yi min bayani. Ya ce a cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira mitokondiriya, su ne murhun da ke ƙona abinci ya zama ƙarfi. Zuciyar jariri tun yana ciki da sukari take aiki, murhunta kaɗan ne, kuma a warwatse suke. Bayan haihuwa sai ta koma ƙona maiƙo, murhun su yawaita, su yi layi a tsakanin zaren tsoka, daga nan ƙwayar ta zama babba mai bugun da ba ya gajiya. In wannan sauyi bai yiwu ba, ta zauna jaririya ke nan. A faranti kuwa mutum ne zai yi musu sauyin da hannunsa, ya janye ruwa mai sukari ya sa mai maiƙo. Yaye yake kiran wannan aiki, kuma a nan ne ƙwayoyin wasu ɗakunan suke lalacewa. Nasa ba sa lalacewa. Baƙi kan zo daga nesa don su gan su, Farfesa ya tsaya yana bayani, shi kuma yana gefe riƙe da faranti.

Da muka fito ya tsaya da ni a baranda, gaban wani allo mai gilashi inda ake liƙa takardun binciken da ɗakin ya fitar a mujallu. Kowace da jerin sunaye a samanta. Ya dinga nuna min hotunan ciki, yana cewa wannan farantina ne, wannan ma, wannan ma. Na bi sunayen da yatsa ban ga nasa ba. Ya ce Farfesa ya yi masa alkawari, sai ta gaba. A duk zamana da shi, wannan ne kaɗai abin da na san ya taɓa so wa kansa. Bai nemi mota ba, bai nemi ofis ba. So yake wata rana ya tsaya gaban gilashin nan ya ga sunansa, ko da a can wutsiyar layi ne inda ba mai karantawa.

Ta gaba ta zo ta wuce, ta gabanta ma haka. Ɗalibai suka yi ta zuwa yana koya musu riƙe bututun zuƙar ruwa. Wasu sun shigo ba su san gaban faranti da bayansa ba, suka fita ana ce musu Dakta. In sun zo sallama su ce Baba mun gode, su ɗauki hoto da shi. Ina da hotunan nan cike da ambulan. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Nawa mijin ya dafa, da idona na gani, romon ne dai ba a rage masa ba.

Sai da muka shekara goma sha ɗaya da aure na san yana da abin ɓoyewa. Wata rana da yamma yana gyara min ƙafar kujera a tsakar gida, bai ko ɗago ba, ya ce akwai laifin da yake yi a wurin aiki. Na ce ko sata. Ya ce a wurin Farfesa gara sata. Tun ranar farko Farfesa ya tsaya a kansa ya ce in za a canza ruwa a zuƙe tsohon tas, ko ɗigo kar a bari, don tsohon ruwa datti ne. Haka ma yake a rubuce a jikin bango. Shi kuwa karon farko da ya yi yaye, ya ga ƙwayoyin sun rikice, suna bugawa suna tsayawa, sai tausayi ya kama shi. Ya tuna yadda mahaifiyarsa take yaye ƙannensa, ba rana ɗaya take raba su da nono ba. Tun daga nan, in ranar yaye ta zo, sai ya bar ragowar tsohon ruwan a gindin faranti ya zuba sabon a kai. Gobe ya rage abin da yake bari, jibi ya ƙara ragewa, yana duban bugunsu, har su saba. In zai yi sai ya juya wa ƙofa baya.

Na ce masa, bawan Allah, ba ka ganin wannan ne ya sa naka suke rayuwa na wasu suke mutuwa? Ya ce shi wa, da zai fi Farfesa sani. Wai suna rayuwa ne duk da laifin nasa, Allah ne kawai yake rufa masa asiri. Na ce to ka je ka faɗa. Ya ce a kore shi ke nan? Kuma duk takardun da ke cikin gilashin nan an rubuta ana zuƙe ruwan gaba ɗaya, in ya yi magana ya mayar da Farfesa maƙaryaci. Na yi faɗa har muryata ta dishe, na kira shi matsoraci, abin da ban taɓa yi ba. Ya gama ɗaure ƙafar kujerar, ya zauna a kai ya gwada, ya ce ta yi.

Farfesa ya yi ritaya, bai cika shekara biyu ba ya rasu da alkawarinsa a baki. Maigidana ya yi kukan da ko 'ya'yan mamacin ba su yi ba. Aka ba wani tsohon ɗalibin ɗakin shugabanci, wanda yanzu kowa ke ce wa Dakta. Na san shi tun yana karatu, ya sha cin abinci a gidana, har da neman ƙari. Na ce to, wannan ko don kunyar cokalina zai yi abin da ya dace. Shekara shida suka yi tare, takardu huɗu suka fita, labarin bai canza ba.

Da lokacin ritayar maigidana ya zo, Dakta ya ce ya rubuta duk yadda yake aikin, kar ilimin ya tafi da shi. Sati biyu ya yi a kan teburin cin abinci yana rubutu da fensir yana gogewa. Na tsaya a kansa na ce yau dai ka sa maganar ragowar ruwan nan, ai ba mai korarka kuma. Ya riƙe fensirin ya daɗe. Sannan ya rubuta abin da ke jikin bango, a zuƙe tas. Ya ce ba zai shafa wa kansa baƙin fenti a ranarsa ta ƙarshe ba. Suka yi masa ɗan taro na rabin awa a baranda, lemo da biskit, suka ba shi fulas ɗin shayi.

Wata huɗu ya yi a gida bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ya gyara duk abin da ya lalace, ya koma gyara wanda bai lalace ba. Sai ga wayar Dakta. Ƙwayoyin sun ƙi. Ana bin takardarsa layi-layi, amma ranar yaye sai su rikice, kwana uku su yi shiru. An canza ruwa, an canza akwatin ɗumi, har ɓerayen an canza. Dakta ya ce ya zo gobe, akwai magana. Yadda na ga fuskarsa bayan ya ajiye wayar, na ce ƙafata ƙafarka.

A ofis Dakta bai ce mu zauna ba, ni na jawo mana kujeru. Ya ce bai taɓa zaton Baba zai yi musu haka ba, a ce mutum ya ɓoye sirrin aiki don yana jin haushin ba a sa sunansa ba, ya bar karatun ɗalibai uku ya tsaya cik. Na buɗe baki zan wanke shi soso da sabulu, maigidana ya ɗora hannu a gwiwata. Ya ce a ba shi farar riga da faranti ɗaya.

Daga bakin ƙofar ɗakin na tsaya ina kallo. Ya zauna, ya fara zuƙe ruwan, ya tsaya bai ƙarasa ba. Wannan karon bai juya wa kowa baya ba. Ya ɗaga farantin ya nuna wa Dakta ɗan jan ruwan da ya rage a gindi.

"Wannan ne ban rubuta ba," in ji shi. "Kuskurena ne, tun zamanin Farfesa nake yin sa. A yi haƙuri."

Dakta ya karɓi farantin yana juya shi a haske. Na ga fushin ya zube daga fuskarsa, ya koma yi wa farantin irin kallon da mahauci ke yi wa sa mai ƙiba. Ya shiga tambaya, nawa ake bari, kwana nawa, da me ake gane lokacin ragewa. Can ya dafa kafaɗar maigidana.

"Baba, wannan ai takarda ce guda. Kuma wannan karon da sunanka za ta fita, ni na faɗa maka."

A motar haya muna komawa gida yana ta kallon waje, yana share ido a fakaice. Ni ban ce uffan ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Wata takwas aka yi ana binciken. Ba a mayar da shi aiki ba, amma kullum bakwai da rabi ya fita, ya hau motar haya biyu, da gwiwarsa mai ciwo. Suka raba farantai kashi-kashi, waɗanda aka zuƙe tas, waɗanda aka bar rabi, da waɗanda aka bar wa idonsa. Suka sa wani rini da ke sa murhun nan su yi haske, suka ɗauki hotuna. Ya nuna min ɗaya a wayarsa. A gefe ɗaya 'yan ɗige-ɗige ne a warwatse, a ɗayan kuwa layi-layi ne kamar kunyoyin gona. Ya ce kin ga nawa. A watannin nan ya yi ƙiba, ya koma tsokanata kamar muna sababbin aure. Ya sa babbar 'yarmu, wadda ke koyarwa a sakandare, ta rubuta masa sunansa yadda ake rubutawa a irin takardun, da harafin farko da ɗigo, ya kai wa Dakta don kar a ɓata shi. Na ce masa ka bi a hankali, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ya ce ke dai ba ki yarda da kowa ba. Gaskiyarsa ne.

Wata Asabar da hantsi 'yar tamu ta zo da yaranta, ta ce takardar ta fito, ga ta a wayarta. Ya ce a dakata. Ya shiga ɗaki ya wanke fuska, ya sa tabarau, ya dawo ya zauna ya gyara riga. Ta karanto sunayen. Tara ne. Ya ce ta sake, ƙila ta tsallake. Ta sake a hankali. Ya ce wani lokaci ana sa na wasu a ƙarshe, wurin godiya. Ta gangara ƙasa. An gode wa waɗanda suka ba da tallafi, an gode wa wani da ya ara musu madubi, shi ke nan. Tana komowa sama sai na ga yatsarta ta tsaya a tsakiyar takardar, fuskarta ta canza. Na harare ta, na girgiza kai. Ashe ya gan mu.

"Karanta min, uwata."

Ta fassara masa. An rubuta cewa an gano wannan hanya ne bayan an lura da wani kuskure da wani tsohon ma'aikacin ɗakin ya daɗe yana yi wajen canza ruwa, wanda masu binciken suka bi diddiginsa har suka gano amfaninsa.

Ban jira ba, na fizgi wayar na kira Dakta. Abin da na faɗa masa ba ya maimaituwa, sai da aka fitar da jikokina waje. Ya bar ni na gama, sannan ya ce da sanyin murya wai don kare Baba ya yi. In aka sa sunansa za a tambayi yadda aka yi ya shekara da shekaru yana saɓa ƙa'ida, a koma tonon tsofaffin takardu, sunan marigayi Farfesa ya ɓaci. Kuma mujallar tana da sharuɗɗanta a kan wanda ya cancanci a sa. Ya ce ko kalmar kuskuren ma ba shi ya ƙirƙiro ta ba, daga bakin Baba ya ji ta, ni ma ina tsaye. Na kashe wayar.

Da na juyo yana zaune yadda na bar shi, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Na so ya ɗaga murya, na so ya fasa wani abu. Na ce masa yi magana mana.

"To ai bai yi ƙarya ba," ya ce. "Ni na ce masa kuskure ne."

Na ce kuskuren da ya riƙe musu ɗaki tun kafin Dakta ya san hanyar wurin? Ya ce a bar maganar. Ya tambayi 'yarmu ko hotunan sun fito da kyau, ta nuna masa, ya daɗe yana buɗa su da yatsu biyu. Ranar bai ci abincin rana ba. Ni kuwa na shiga kicin na yi kukan da ya ƙi yi, kuma ba Dakta kaɗai nake jin haushi ba. Ina jin haushin Farfesa a kabarinsa. Ina jin haushin mijina, da ya ɗauki abin da ya fi kowa iyawa ya mayar da shi abin kunya, ya yi ta ɓoyonsa, ranar da zai fito da shi kuma ya miƙa musu da ban haƙuri a kai. Ina jin haushin kaina, da na san maganar shekara da shekaru, na iya yi wa duk unguwa tsiwa, amma ban taɓa hawa benen nan na faɗe ta ba.

Bayan sati uku Dakta ya sake kira, ina kicin ina ji. An kawo sababbin ɗalibai biyu, sun bi ma'aunin da aka rubuta a takardar, amma sun kasa gane lokacin ragewa, farantai goma sha biyu na neman mutuwa. Ko Baba zai leƙo gobe. Na ji ya ce to, Allah ya kai mu. Da yammar nan na ɗauke takalmansa na fita, na cusa su bayan buhun gawayi a sito.

Washegari bakwai da kwata yana tsaye a tsakar ɗaki, ya shirya tsaf sai takalmi. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan ƙofa, bai tambaye ni ba. Na ce masa in ka taka ƙofar nan ba ka san ciwon kanka ba. Ya ce ya sani sarai, kuma yana jin sa. Amma su ƙwayoyin ba su yi masa komai ba, in aka makara yau ba za su kai gobe ba. Ya tsaya yana kallona, dogon mutum mai furfura, babban yatsansa ya leƙo ta hujin safa.

Na je sito na ɗauko takalman, na kaɗe musu baƙin gawayi, na ajiye a gabansa.